Murya na dawowa a makare a hedifon, in na rage bafa kuma sauti ya riƙa kakkatsewa

Mai_Kalangu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Laptop ce mai Windows 10, Core i5, RAM 8GB, da Scarlett 2i2 (na'urar sauti ta kamfanin Focusrite, mai haɗa makirufo da kwamfuta) da FL Studio (manhajar haɗa kiɗa). In mawaƙi na rerawa da Auto-Tune (manhajar daidaita sautin murya) a kunne, sai muryarsa ta dawo masa a makare, ya kauce wa kiɗa. Bafa (buffer, wato yawan ƙwayoyin sautin da kwamfuta ke tarawa ta sarrafa a lokaci guda) tana kan 1024. In aka mai da ita 128 kuma sai ƙaraf-ƙaraf ya cika waƙar. Ina matsalar take?

Injiniya_Sauti:
Wa alaikumus salam malam. Fara da lissafi: ka raba bafa da sample rate (yawan ƙwayoyin sauti a sakan ɗaya). 1024 a kan 44100 ya ba ka kusan milisakan 23, kuma wannan hanya ɗaya ce. Shiga da fita ya haura 46, ba mawaƙin da zai jure wannan. 128 a kan 48000 kuwa milisakan 2.7 ne, 256 kuma 5.3.

Amma kafin komai, a cikin FL danna F10, ka shiga Audio, ka duba direban da aka zaɓa. In FL Studio ASIO ne ko ASIO4ALL, canza zuwa Focusrite USB ASIO, wanda za ka sauko da shi daga shafin kamfanin. Shi ke magana da na'urar kai tsaye. Ka kuma daidaita sample rate na Windows da na FL, duka su zama ɗaya.

Tsohon_Mixer:
Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma ƙaraf-ƙaraf ɗin a laptop yawanci daga wajen wuta yake. Windows na rage gudun processor don tattalin batir, bafar 128 kuwa ba ta jiran kowa: in ba a cika ta cikin milisakan ukun nan ba, sai sauti ya yanke.

Buɗe Power Options, zaɓi High performance. A Advanced settings, sa Minimum processor state a 100%, ka kashe USB selective suspend. Sannan a Device Manager, kowane USB Root Hub ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi. Sa Scarlett a jikin laptop kai tsaye, ban da hub. Kuma a yi ɗauka caja na jone, don da an ɗauke wuta ta koma kan batir, yawancin laptop sai su ja baya ko me ka saita.

In bai daina ba, sauko da LatencyMon, manhajar da ke nuna direban da ke janyo tsaiko, ka bar shi yana aiki minti goma kiɗa na tafiya, ka duba shafin Drivers. In ndis.sys ne a sama, yawanci Wi-Fi ne, kashe shi lokacin ɗauka. In nvlddmkm.sys ne, direban Nvidia ne. ACPI.sys ya fi wuyar sha'ani, sau da yawa sai an sabunta BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows. Kada ka manta da ƙura: fanka in ta toshe, processor ya yi zafi, shi da kansa zai rage gudu.

Hajiya_Beats:
Ɗan'uwa, duba master ɗinka ma, wato layin da duk sautukan waƙar ke haɗuwa. Kayan gyaran sauti irin su Limiter mai lookahead da EQ mai linear phase suna ƙara jinkiri ko bafa ta yi ƙanƙanta, domin FL na jinkirta sauran layuka su yi daidai da su. Kashe su har a gama ɗauka. Ka fitar da kiɗan WAV guda, ka buɗe sabon project da shi da layin murya kawai, ka sa Auto-Tune a Low Latency. In an zo mixing ka mai da bafa 1024, a lokacin jinkiri ba ya cutar da komai.

Mai_Kalangu:
Na gode ƙwarai. Maɓallin Direct Monitor na jikin Scarlett fa, mai kai murya hedifon kai tsaye, ba zai wadatar ba?

Hajiya_Beats:
Zai kawar da jinkirin, amma busasshiyar murya mawaƙin zai ji, ba Auto-Tune, don sautin bai bi ta kwamfuta ba. In kuma ka bar shi a kunne kuma muryar na fitowa ta FL, zai ji muryarsa biyu. Zaɓi ɗaya. Fara da 256, ka sa ido kan adadin underruns (sau nawa sauti ya yanke) a shafin Audio; in ya tsaya a sifili har waƙa ta ƙare, sauka 128.