Yadda za a koyar da juyin halitta yara su gane

Ga abin da na tattaro daga hirar mu ta malaman bayoloji a nan Jos, kan darasin juyin halitta da ke ba ɗalibai wuya in WAEC ta matso.

Kusan kowa ya ce kar a fara da Darwin, masanin da ya yi bayanin juyin halitta a littafinsa na 1859, a fara da abin da yaro ya sani a gidansu. Kulorokwin da iyayenmu suka sha ya daina aiki ne saboda ƙwayoyin maleriyar da suka jure masa su suka rayu suka hayayyafa, har Najeriya ta koma haɗin maganin maleriya da ake kira ACT. Sai sikila, wata malama ta daɗe a kanta kuma ni ma nan na fi gamsuwa wallahi, mai AS na da kariya daga maleriya mai tsanani, shi ya sa jinin ya yawaita a ƙasashen sauro kamar tamu.

Bayan nan a zana ƙashin hannun mutum da fiffiken jemage a allo, tsarinsu ɗaya. A kawo misalin Lucy, ƙasusuwan wata tsohuwar halitta dangin ɗan Adam da aka tono a Habasha a 1974.

Wani dattijo cikinmu ya ce in yaro ya kawo tambayar addini kar a gwale shi, a saurare shi da mutunci.