Wa ya goge Beach Boys daga jerin waƙoƙin?

Mai Jita: Jama'a, raina ya ɓaci. Na zauna na tsara mana jerin kiɗan masu hawan igiyar teku na Kaliforniya, na farkon shekarun 1960, na wayi gari wani ya goge "Surfin' U.S.A." ta Beach Boys da "Surf City" ta Jan and Dean, ko sallama babu. In ba a so su, ai sai a tuntuɓe ni. Waƙoƙi ne na asali.

Baban Walid: Asali fa ka ce, Malam? Asalin kiɗan nan babu murya a cikinsa. Jita ce da ganga, sai amsa-kuwwar na'urar sauti ta kamfanin Fender. Dick Dale ne ya raine shi a zauren rawa na Rendezvous da ke Balboa, ya fitar da "Let's Go Trippin'" a 1961. Ka saurari "Pipeline" ta Chantays ko "Wipe Out" ta Surfaris, za ka ji bambancin.

Mai Jita: Yaya, ita ma "Surfin'" ta Beach Boys a 1961 ta fito. Amma ni tambayata, wa ya goge?

Anti Hauwa: A cikin 'yan Beach Boys duka Dennis Wilson ne kaɗai yake shiga teku. Kuma karin "Surfin' U.S.A." na Chuck Berry ne, daga "Sweet Little Sixteen" ta 1958, dole ta sa aka rubuta sunansa a matsayin marubuci. Ina asali a kayan aro?

Ɗan Damagaram: To Anti, in aro ne laifin, a goge "Misirlou" ma. Kafin Dale ya kaɗa ta a 1962, tsohon kari ne na gabashin tekun Bahar Rum. Mahaifinsa ɗan asalin Lebanon ne, a wajen danginsa ya ji ta. Kenan asalin na Larabawa ne.

Abu Sadik: Na Girkawa dai. Su suka fara naɗar ta a faifai tun shekarun 1920.

Ɗan Damagaram: Wanda ya fara naɗa ba lallai shi ya ƙirƙira ba. Kai kullum sai ka rage wa Larabawa.

Abu Sadik: Ka kawo hujja mana, ka daina zargi.

Anti Hauwa: Ku bar wannan. Ni abin da ya dame ni, wa ya saka "Surfin' Bird"? Trashmen da suka rera ta 'yan Minneapolis ne, tsakiyar Amurka, ina su ina teku?

Baban Walid: Wannan kam ki bar min ita, Anti, ina son ta.

Mai Jita: Ita ba murya ce a cikinta ba tun daga farko har ƙarshe? Yaya, ka yi adalci. Dokar taka kan Beach Boys kaɗai take aiki?

Abu Sadik: Har yanzu ina jiran hujja.

Baban Walid: To, bari in taƙaita, dare ya yi. Mafi yawanmu mun yarda cewa kiɗan jita zalla shi ne na asali, kuma Dick Dale ne uban tafiyar. "Misirlou" ce za ta buɗe jerin, sai "Pipeline", sai "Wipe Out". "Surfin' Bird" tana nan daram. Beach Boys kuwa, duk mai son su ya buɗe musu jeri na daban.

Mai Jita: Ni ban yarda da haka ba, kuma babu wanda ya faɗa min wa ya goge.