Wace kalma za mu ba "mentor" a fagen binciken kimiyya?

Jama'a, ga shawarata kan kalmar nan ta Turanci da ke ba masu fassara wahala, wadda ke nufin gogaggen da ke ja-gorantar ɗalibi har ya ƙware. Asalinta sunan mutum ne a tatsuniyar Girkawa, wanda wani sarki mai suna Odisiyus ya bar wa amanar ɗansa da zai tafi yaƙi.

"Malami" ta yi faɗi. Wanda ya koyar da ɗalibai ɗari uku a aji malami ne, ko da bai san sunan kowa ba. "Mai duba aiki" kuwa shi ne wanda jami'a ta naɗa ya sa hannu a kundin digiri, iyakarsa ke nan.

Wasu sun kawo "ubangida". Ban yarda ba. Ubangida yana so yaronsa ya dawwama a ƙarƙashinsa, kuma cutar da ke addabar ɗakunan bincike ke nan: ɗalibi ya kwana kan gwaji, oga ya sa sunansa a gaba. "Murabbi", wato mai tarbiyya, ta fi kusa, sai dai kunnen Bahaushe zai kai ta zawiyar 'yan ɗariƙa.

Ni na tsaya a kan "mai reno", ɗalibin kuma "ɗan reno" ko "'yar reno". Dalilina shi ne reno yana ƙarewa da yaye, kuma dama mukan ce jami'a ta yaye ɗalibai. Ta nan farfesa zai auna kansa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun fitar da ma'auni mai tambayoyi 26, wanda mai reno da ɗan renonsa kowa ke cike nasa daban. Cikin abubuwa shida da yake dubawa akwai daidaita abin da kowa ke tsammani daga ɗan'uwansa, da sa ɗalibi ya tsaya da ƙafarsa. Inda amsoshin biyu suka saɓa, nan gyara yake. Sai dai a wurinmu ɗalibi zai yi nauyin bakin faɗa wa malaminsa gaskiya, don haka gara a tambayi waɗanda aka riga aka yaye: wa ya iya buga bincike da kansa, ba tare da sunan malaminsa ba? Wa ke komawa wurin malamin neman shawara bayan ya daina bukatar sa hannunsa?

Kada dai a taƙaita ta zuwa "mareni", don za a ji kamar mai raina mutane. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ya kuke cewa a can?