Iyaye mata dan Allah ya kuke adana hotunan yaranku?

Maman Afnan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Yarana uku ƙaramar ko yaye ta ban yi ba, kun dai san gidan yara, daga wanki sai kukan dare sai shirin boko da islamiyya, wataran har sai in ji kamar ba abin da nake tsinanawa a duniya sai tsawa. To amma in na kwanta ina duba hotunansu a waya sai raina ya yi sanyi, in ga na tsakiyan ya shafe fuska da koko har gira, in ga babbar ta goya kwalbar ruwa da ɗankwalina wai 'yarta ce, kawai sai in ji ina ta alhamdulillah ni kaɗai. Matsalar wayar ta cika tam kullum sai na goge wani abu, ga tsoron masu ƙwacen waya. Ya kuke yi ne kar abin nan ya ɓata?

Ummu Sadik:
Wa alaikumussalam. Indai android ce ki buɗe Google Photos ki kunna bakof, wato ya riƙa ajiye miki kwafin hotunan a intanet, 15GB suke bayarwa kyauta amma ki sani da shi Gmail ɗinki da Drive suke ci, tun 2021 suka daina ba da wurin ajiyar hoto kyauta ba iyaka. Bidiyo ne ke cinye wurin, ki tace su, na biki da mutane ke turowa a guruf duk ki watsar. Sannan dan Allah ki rubuta imel ɗinki da fasawod a littafi ki ajiye, mata da yawa a shagon waya aka buɗe musu imel, ranar da waya ta tafi shikenan ba su san komai ba. In za ki tura wa babansu ko wata 'yar uwa ta WhatsApp ki tura a dokumen, in ba haka ba yana matse hoton ranar wankewa ki ga ya yi dishi-dishi.

Hajiya Babba:
Maman Afnan Allah ya raya mana su. Ni kam tsohuwar hanya nake bi, wankewa nake in sa a albam, kuma bayan kowane hoto ina rubuta suna da shekara da biro, don wallahi jarirai kama suke, nan gaba ke da kika haife su sai kin yi musu da kanki kan wane ne wannan. Ki sa albam ɗin a leda a saman sif, damina da gara ba su da mutunci.

Amma abin da nake so in ja hankalinki, ke ma ki riƙa shiga hoton. Ni 'yar fari ce, mahaifiyata Allah ya jiƙanta ko sunana ba ta faɗa saboda kara, balle ta zauna kusa da ni mai hoto ya ɗauka, duk hotunan yarintata a cinyar goggona nake ko kakata a situdiyo gaban labulen nan mai zanen furanni. Hotonta da ƙannena akwai, ni da ita babu ko ɗaya. Ku yanzu ba kunyar ɗan fari ce ta hana ku ba, ku cewa kuke ban yi kwalliya ba, na yi ƙiba, zanina ya koɗe. Yaro ba ruwansa da wannan, in ya girma uwarsa yake so ya gani tana tuƙa tuwo ko tana tsefe wa ƙanwarsa kai, ba ranar sallah kaɗai da kowa ya sha shadda ya ƙame ba. Ki miƙa wa babbar wayar ta ɗauke ki ko a karkace ne.

Zee:
Hajiya kin sa ni hawaye wlh. Ni abu ɗaya zan ƙara, a ɗauka a ajiye amma ba komai ake sawa a status ba, baki ba ƙarya bane kuma ba kowa ke cewa tubarkalla ba, balle hoton yaro yana wanka. Sannan ku riƙa naɗar murya, gwarancinsu in suna koyon fatiha, da kakarsu in tana musu tatsuniya ko tana yi wa jariri wasa, murya ba ta cin wuri kamar bidiyo.

Maman Afnan:
Na gode sosai Allah ya bar zumunci, Hajiya Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta. Wai har yanzu ana wanke hoto daga waya kuwa?

Ummu Sadik:
Sosai ma, duk situdiyon da ke yin fasfo suna yi. Ki ware waɗanda kike so a folda ɗaya tun daga gida kar ki miƙa musu wayar gaba ɗaya, in sun gama ki tsaya a gabanki su goge daga kwamfutarsu.