Wa ya taɓa ɗaukar hoto a gaɓar tekun arewacin Sikotlan?

Mai shirin tafiya:
Salamu alaikum 'yan uwa, in Allah ya yarda ƙarshen Yuni zan bi hanyar North Coast 500 ɗin nan da ke tashi daga Inverness ta zagayo, mil 516 ce, burina in ɗauki hoton tsuntsun fafin (tsuntsun teku ne mai baki mai launi-launi) da duwatsun bakin teku. Don Allah waɗanda suka je ku faɗa min abin da kuka tarar.

Mai tsohuwar kyamara:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni dai iska ce ta fi ba ni wahala. Na je Duncansby Head kusa da John o' Groats, wajen duwatsun nan masu tsini da ke tsaye cikin ruwa, na kafa kyamara kan ƙafafunta uku na juya kawai in ɗauko batir a jaka sai jin ƙara na yi, iska ta kifar da ita kan ciyawa, Allah ya taimake ni ba ta gangara ba. Tun ranar nake rataya jakata a jikin ƙafafun don nauyi. Sannan feshin ruwan gishiri yana bin gilashin kyamarar, ka riƙe ƙyalle mai laushi kana gogewa, in ba haka ba duk hotunan hazo-hazo za su fito.

Mai son tsuntsaye:
Yayana lokacin da ka zaɓa ya yi, fafin daga Afrilu zuwa farkon Agusta suke kan tudu, bayan nan teku suke komawa. A Dunnet Head na same su, can ne ƙarshen arewa na babban tsibirin Birtaniya. Da farko bin su na dinga yi ban samu komai ba, sai da na nemi wuri na zauna shiru kusan awa ɗaya, su da kansu suka fara sauka gabana, wani ya zo da ƙananan kifaye jere a bakinsa, wallahi hannuna har rawa yake. In suna tashi ka sa saurin ɗaukar kyamara 1/2000 na daƙiƙa don fiffikensu ba ya tsayawa. Amma don girman Allah kar ka bar turba ka matsa bakin dutse, a rami suke gida kuma ƙwai ɗaya tal suke yi a shekara, kana takawa ramin ya rufta. Na ga wani yana yi raina ya ɓaci sosai.

Direban dare:
Hajiya gaskiya kika faɗa. Ni nawa haske ne, a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan 10 na dare, hotona mafi kyau a rairayin Durness wajen tara da rabi na ɗauka. In iska ta kwanta kuma ƙananan ƙudajen nan masu cizo za su taso gungu-gungu, ka sayi ragar rufe fuska.

Mai tsohuwar kyamara:
Na manta, ka tsaya Chanonry Point kusa da Inverness don dolfin, dabbar tekun nan mai kama da babban kifi, ka duba jadawalin ruwa tukuna, lokacin da teku ta janye ta fara dawowa suke matsowa gaɓa.

Mai shirin tafiya:
Allah ya saka da alheri. Hajiya gilashina 300mm ne, zai kai ga fafin daga kan turbar kuwa?