Neman kalma: me za mu kira "slow cooker" da Hausa?

Malama Rabi:
Assalamu alaikum. Masu rubuta girke-girke da Hausa sun fara cin karo da tukunyar nan da Turawa ke kira slow cooker, kuma kowa yadda ya ga dama yake rubuta ta. Wani ya ce tukunyar lantarki, wani ya bar ta da Turancinta, wata kuma ta rubuta "sulo kuka", har mai karatu ya zaci miyar kuka za a kaɗa. Ga wanda bai san ta ba, kashi uku ce: gangar jiki ta ƙarfe wadda wayar zafi ke ciki, da tukunyar tangaran mai kauri da ake zurawa a cikinta, da murfin gilashi. Maɓallinta yakan zo da zango uku: ƙaramar wuta, babbar wuta, da riƙe zafi. A zuba kaza da kayan miya da safe a rufe, ta yi ta dahuwa awa shida ko takwas ba juyawa ba ƙarin ruwa, da yamma a sauke. Ina neman sunan da mai ji zai gane aikinta tun kafin ya gan ta. Bisimilla.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam Malama. "Tukunyar lantarki" dai a ajiye ta gefe. Ta dafa shinkafa ma lantarki take sha, haka tukunya mai matsin tururi da ake ce wa firesha, haka butar shayi. Abin da ya bambanta wannan shi ne ƙarancin wutar da take ja. Yawancinsu tsakanin wat 100 zuwa 300 ne, alhali butar lantarki takan kai wat 2000. Mai wat 200 in ta yi awa takwas, yunit 1.6 ke nan a mita. Kuma ku lura, ƙaramar wuta da babbar wuta duk kusan wuri ɗaya suke kai abincin, wato dab da tafasa, ƙasa kaɗan da digiri 100. Bambancin shi ne babbar takan isa can cikin awa uku zuwa huɗu, ƙaramar kuwa sai ta ɗauki kusan ninkin haka. To sunan ya kamata ya ɗauki ma'anar daɗewa da sassaucin wuta.

Ummi:
Tukunyar jinkiri fa?

Malam Garba:
Ƙanwata, jinkiri makara ne. In aka ce an yi jinkirin abinci, maigida ya dawo bai tarar da komai ba ke nan. Wannan kuwa da gangan ake ba ta lokacinta, don abincin ya zama a shirye kan kari. Mu duba yadda Bahaushe ke raɗa wa baƙon abu suna. Sau da yawa aikatau yake ɗauka ya manna masa wata kalma: dafa-duka, a-ci-balbal, a-kori-kura, a-daidaita-sahu. Shi kansa tangaran ɗin da ke cikin tukunyar, ai faɗi-ka-mutu magabata suka kira shi. A kan wannan ma'auni ina kawo guda biyu: "ɗora-ki-tafi" da "dafa-sannu". Na farkon ya fi daɗin faɗa, na biyun ya fi faɗin gaskiya.

Hajiya Mairo:
Malam, ɗora-ki-tafi ya kwanta mini. Ai dalilin da ya sa ta karɓu a Amurka ke nan. Wani mutumin Chicago mai suna Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta, aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1940. Dabarar daga wani girkin Yahudawan Gabashin Turai ta samo asali, na wake da nama, wanda ake kaiwa tandar mai burodi ranar Juma'a da yamma ya kwana cikin ragowar zafi, tunda ba su hura wuta ranar Asabar. Kamfanin Rival ya saye kamfanin Naxon a 1970, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan can ke ta fita aiki. Uwa ta ɗora da safe, ta kai yara makaranta, ta wuce ofis, ta dawo ta tarar da abinci. Sunan ya faɗi komai.

Injiniya Bala:
Hajiya, a can ya faɗi komai, inda wuta ba ta ƙiftawa. A nan sunan zai iya kai iyali asibiti. Ki ɗora kaza ƙarfe bakwai ki fita, a ɗauke wuta ƙarfe tara, a dawo da ita ƙarfe biyu. Tukunya mai maɓallin murɗawa za ta ci gaba da aiki abinta, ki dawo ki tarar da miya tana tururi kamar ba abin da ya faru. Amma naman ya yi awa biyar a ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60, kuma nan ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Wasunsu kan bar guba wadda zafin da ya biyo baya ba ya kashewa. Shawarar hukumar noma ta Amurka a kan wannan a fili take: in wuta ta ɗauke ba kowa a gida, a zubar da abincin ko da ya yi kama da dafaffe. In akwai mutum a gida, a juye a tukunyar ƙarfe nan take a ƙarasa a kan gas ko gawayi. Don haka mai son ya ɗora ya tafi, sai ya haɗa ta da inbata ko sola, tunda ba ta da nauyi a kansu. Wanda ba shi da su ya yi girkin ranar da yake gida. Ni dai ban goyi bayan sunan da ke cewa "tafi" ba.

Hajiya Mairo:
To, wannan hujja ce. Na janye.

Baba Ɗanladi:
Ku kira ta dafa-dutse mana. Ba an ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa ba? Tsohon zakaran Hausa ai ɗan'uwan dutse ne, kuma tana mayar da shi luguf.

Malam Garba:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan kirari ne mai kyau, a rubuta shi a jikin kwali. Sai dai mai matsin tururi ma tana dafa ganda da ƙafar sa cikin ƙasa da awa ɗaya, to ita ma za ta ce nata ne.

Anti Zulai:
Ni ina bayan dafa-sannu, saboda kusan duk kuskuren da ake yi da tukunyar daga mantawa da "sannu" ɗin yake zuwa. Bari in ba da misali da miyar kaza da dankali ta mutum shida, a tukunya mai cin lita biyar zuwa shida.

Kaza kilo ɗaya da rabi, zai fi kyau cinyoyi, a cire fatar. Tumatir shida, tattasai uku, attarugu biyu, albasa manya biyu, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ɗanyar citta kamar tsawon ɗan yatsa, mai cokali huɗu, dunƙule biyu, gishiri, kori da tayim. Dankalin Turawa rabin kilo, karas uku.

Da daddare a markaɗa kayan miya da albasa ɗaya, a soya su a kasko minti goma sha biyar har ruwan ya tsotse mai ya taso sama. Wannan matakin ba a tsallake shi. Tukunyar ba ta suya, kuma murfinta ba ya barin tururi ya fita, to ɗanyen tumatir in ya shiga haka zai fito da tsaminsa da gafinsa ko awa goma ya yi. A bar suyar ta huce a sa a firji, kazar ma a shafe ta da gishiri da tafarnuwa da citta a sa a wani mazubin daban.

Da safe dankali da karas ne a ƙasa, a yanka su manya-manya. Abin mamaki ne amma a wannan tukunya sun fi nama jinkirin nuna, shi ya sa ake ba su gindi da gefe inda zafi ya fi. Sai yankakkiyar albasa, sai kaza a sama, sai a kwarara soyayyun kayan miyan. Ruwa rabin kofi kacal. A nan mata da yawa ke faɗawa: hannu ya saba da tsaida ruwan miya mai yawa don an san zai ƙone. A nan ba ya ƙonewa. Ki leƙa ta gilashin bayan awa biyu, za ki ga tururi ya taru ya zama ɗigo-ɗigo a cikin murfin yana gangarowa gefe yana komawa cikin miya, ga ruwan da kazar da albasar suka fitar. In kin zuba kofi uku, farfesu za ki sauke.

Kada tukunyar ta gaza rabi, kada ta wuce kashi biyu cikin uku. In ta yi kaɗan abincin zai wuce misali gefensa ya kama, in ta cika maƙil zai daɗe bai yi zafin da ake bukata ba.

Lokaci kuwa ya danganta da kazar. Cinyar kazar gidan gona awa biyar zuwa shida a ƙaramar wuta, ko awa uku a babba. Tsokar ƙirji ba ta da kitse ba ta da jijiya, awa uku zuwa huɗu ya ishe ta, in ta wuce sai ta bushe ta zama zare-zare duk da tana cikin romo. Kazar Hausa ita ce tukunyar ta fi yi wa rana: awa bakwai zuwa takwas, jijiyoyin nan masu tauri su narke su ba romon kauri. Mai ma'aunin zafin nama ya soka a tsakiyar cinya ba tare da taɓa ƙashi ba, digiri 74 ake nema.

Ummi:
Anti, in kazar daga firiza take fa, da ƙanƙararta? Kuma ba a buɗewa a juya ko sau ɗaya?

Anti Zulai:
A'a ƙanwata, kaza mai ƙanƙara ba ta shiga. Wutar ba ta da ƙarfin da za ta narkar da ita da wuri, sai naman ya daɗe a ɗumin nan da Injiniya ya yi magana a kai. Ki sauko da ita daga firiza zuwa firji tun ana gobe. Buɗewa kuma, duk ɗaga murfi ɗaya zafin da ya taru yake fita, sai kin ƙara kusan minti ashirin. Ba ta kamawa, to juyawar ba ta da amfani. Sai saura rabin awa za ki buɗe ki ɗanɗana gishiri. In miyar ta tsinke, ki dama garin masara mai laushi cokali ɗaya da ruwan sanyi ki zuba, ki mayar babbar wuta. Alayyafo, koren wake, koren tattasai da madara duk a wannan lokacin suke shiga, in ba haka ba ganye ya yi baƙi madara ta guntse. Shinkafa kuma a dafa ta daban, a ciki caɓewa take yi.

Malama Rabi:
Ƙari biyu a kan na Anti. Jan waken nan na ƙasashen waje mai kama da ƙoda, in busasshe ne, sai an jiƙa shi an tafasa shi sosai a kan wuta aƙalla minti goma kafin ya shiga, don yana da wata guba da sassauƙan zafi ba ya kashewa. Na biyu, ba a ɗumame a cikinta. Ragowar abinci a juye a sa a firji cikin awa biyu, in ana zafin bazara ma cikin awa ɗaya, gobe a ɗumama a kan wuta.

Yaya Hadiza:
Wannan na biyun ya sa nake tsoron kada a jingina sunan da kula ko fulas, don na ga masu kiran ta "kular lantarki". Kula ajiye zafi take yi, ba ta dafawa. Wanda ya ɗauke ta kula zai zuba ɗanyar kaza ya murɗa zuwa riƙe zafi, alhali wannan zangon na abincin da ya riga ya nuna ne. Akwai kuma wata jaka mai auduga da aka yi a Afirka ta Kudu, Wonderbag, wadda ake tafasa abinci a kan wuta sannan a cusa tukunyar ciki ta ƙarasa da zafinta. Ita ma dahuwar sannu ce amma ba lantarki. In mun ce dafa-sannu, ya za a raba su?

Malam Garba:
Da kalmar farko, Yaya. Waccan jakar dafa-sannu, wannan tukunyar dafa-sannu. Wannan ma wani alherin sunan ne, yana karɓar gaba da baya. Jam'i: tukwanen dafa-sannu. In aka gajarta aka ce dafa-sannu kawai, mace ce kamar uwarta tukunya: "dafa-sannun nan ta fashe", "na sayi sabuwar dafa-sannu". Salon girkin kuwa dahuwar sannu. A rubutu a sa karan ɗori a tsakiya kamar dafa-duka, don kada a karanta shi kamar umarni. Mai rubuta girki zai ce: "A zuba a dafa-sannu, a sa ƙaramar wuta, awa shida." Ba inda harshe ya harɗe.

Baba Ɗanladi:
Kada dai yara su ji "sannu" su amsa da "yauwa".

Malama Rabi:
Su amsa Baba, ba laifi. To mun tsaya a kan tukunyar dafa-sannu, da zangonta uku: ƙaramar wuta, babbar wuta, riƙe zafi. Na cikin kuma a ce tangaran ɗin, na wajen gangar jiki. Wanda ke da ja ya kawo hujja.

Injiniya Bala:
Ba ni da ja. Gargaɗi ne ga masu saye, musamman a wajen 'yan gwanjo. Ku juya gindinta ku karanta. Wadda aka yi don Amurka bolt 120 take sha, wutar Najeriya da Gana kuwa 230 ce, ta Nijar 220. In aka soka ta kai tsaye za ta ja kusan ninki huɗu na ƙarfin da aka yi ta dominsa, wayar ta ƙone cikin ɗan lokaci. A nemi wadda aka yi don Ingila ko Turai, ko a haɗa da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya haura na tukunyar. A duba tangaran ɗin a hasken rana ko akwai siririn tsagu, a kuma gwada murfin ya zauna daram ba ya rawa. A gida kuma kada a zuba ruwan sanyi a tangaran mai zafi, kada a ɗora shi kan gas, kada a fito da shi daga firji a zura a gangar jikin da ta riga ta yi zafi, don nan take yake tsagewa kuma samun madadinsa shi kaɗai da wuya.

Ummi:
Saura mai matsin tururin nan da ake ce wa firesha. Malam Garba, dafa-maza za mu ce ko kuwa?

Malam Garba:
Ki rufa mana asiri ƙanwata, maza ba za su yarda ba. Ki kawo ta daban mu duba.