Asusun ƙungiyar 'yan kasuwarmu na narkewa, daga ina za mu fara gyara?

Ma'ajin ƙungiya, Gadarif a ƙasar Sudan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu 70 ne a ƙungiyarmu ta masu sayar da hatsi. Kuɗin wata da muka yanka tun kafin yaƙin 2023 har yau bai canja ba, kuma rabinmu ba sa biya. Hayar ofis da albashin mai gadi na cinye duk abin da ya shigo, ga bashin da muka ba mambobi bai dawo ba. A taimaka da shawara.

Akanta:
Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki kuɗin da ke hannu ka raba shi da abin da kuke kashewa a wata. In ba zai riƙe ku wata 3 ba, ku dakatar da ba da bashi tun yau. Bashin da ya wuce shekara kuma kada ka ƙirga shi cikin dukiyar ƙungiya, shi ne ke sa littafi ya yi kyau alhali akwati wayam.

Ainihin ciwonku kuɗin watan ne. Jine, kuɗin Sudan, na faɗuwa, haya na hawa, ku kuna tsaye. Ku ɗaure shi da farashin dawa, misali kuɗin mudu 2 a ranar biya, sai ya riƙa hawa da kansa ba sai an kira taro ana jayayya ba.

Dillalin hatsi:
Haka ne. Kuma ku karɓi na shekara gaba ɗaya lokacin kakar riɗi da dawa, sa'ad da kuɗi ke hannun mutane. Rarar da ta wuce ta wata 3 ku sayi feterita, wato wani irin dawa, da ita. Amma a ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, a duba su duk sati 2, don danshi da ƙwari na iya cinye ribar. Mai son rance a ba shi buhu ya mayar da buhu: ba kuɗin ruwa, ƙungiya kuma ba ta yi asara ba.

Tsohon sakatare:
Alhaji, kada kuɗin ƙungiya su shiga Bankak ɗinka na kanka, wato asusun bankinka na waya, ko da kai mai amana ne, zargi yake jawowa. Ku buɗe asusu daban, ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum 2, a karanta shiga da fita a kowane taro. Da yawan masu ƙin biya sun daina ne don ba sa ganin inda kuɗinsu ke tafiya.